Ɗan tayin da bai kai mataki ba a rana ta biyar: shin akwai sauran fata?

Mai Jiran Rabo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san wannan al'amari, ko ta hanyar aiki ko don ya taɓa shiga cikinsa, ya fahimtar da ni, domin tun safe hankalina bai kwanta ba. Shekaruna 36, kuma wannan ne karo na farko da ake yi mini dashen ciki, wato aikin da ake kira IVF, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa, bayan shekara takwas da aure ba tare da na taɓa yin ko ɓatan wata ba. An ɗebo mini ƙwai tara, bakwai daga ciki sun nuna, biyar kuma suka haɗu da maniyyin maigidana. Yau ce rana ta biyar, ranar da aka ce za a mayar mini da ɗaya cikin mahaifa, amma da sassafe aka kira ni aka ce kada in zo. Biyu sun tsaya tun rana ta uku, sauran ukun kuma suna raye amma suna da nawa, ba su kai matakin da ake so ba, saboda haka za a bar su zuwa gobe ko jibi, idan sun kai sai a daskarar da su. Kuka ya ci ƙarfina a lokacin, ban iya tambayar komai ba. Abin da nake son sani shi ne, ɗan tayin da ya yi nawa irin wannan yana iya zama ɗa, ko kuwa lallashina kawai ake yi?

Ma'aikacin Ɗakin Reno:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya sanyaya miki zuciya. Aikina ke nan, duba 'yan tayi a ƙarƙashin madubin likita a ɗakin reno, wato ɗakin da ake ajiye su cikin akwati mai ɗumi kafin a mayar da su mahaifa, kuma irin kiran da aka yi miki yau na sha yin sa ga wasu, saboda haka bari in fara da yadda lissafin kwanakin yake. Ranar da aka ɗebo ƙwai ba a ƙidaya ta, sifili ce. Washegari, awa 16 zuwa 18 bayan an zuba wa ƙwan maniyyi, ake duba ko ƙwan ya haɗu da maniyyi yadda ya kamata. A rana ta biyu ana sa ran ya rabu ya zama ƙwayoyin halitta huɗu, a rana ta uku kuma ya kai shida zuwa takwas. A rana ta huɗu ƙwayoyin sukan manne da juna su cure wuri ɗaya har ba a iya ƙidaya su. A rana ta biyar sai ruwa ya taru a tsakiyar curin ya kumbura, ƙwayoyin kuma su kasu gida biyu: waɗanda suka taru a ciki su ne za su zama jariri, waɗanda suka kewaye su kuma su ne za su zama mabiyiya. Wannan mataki shi ake kira bilastosis, kuma shi ne ake jira 'yan tayinki su kai.

Tsayawar da biyu suka yi a rana ta uku ba baƙon abu ba ne, kuma ba laifinki ba ne. A kwana biyu zuwa ukun farko ɗan tayi yana tafiya ne da guzurin da ƙwan uwa ya taho da shi. Sai ya kai ƙwayoyi huɗu zuwa takwas sannan kayan gadonsa na kansa, waɗanda ya samu daga uwa da uba, su karɓi ragama. Wanda yake da babbar matsala a kayan gadonsa, yawanci a nan yake tsayawa. A ɗakunan reno da yawa kusan rabin ƙwan da suka haɗu ne, ko ƙasa da haka, suke kaiwa matakin bilastosis, don haka uku cikin biyar da suke tafiya har yanzu ba mummunan sakamako ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mutane ba: "rana ta biyar" suna ne kawai, awanni ake bi. Masana da suka yi taro a Istanbul, waɗanda aka wallafa matsayarsu a 2011, sun sa lokacin duba bilastosis a wajen awa 116 bayan haɗa ƙwai da maniyyi. Idan da yamma aka haɗa naki, aka kuma duba su da sassafe, to wataƙila ba su cika waɗannan awanni ba, kuma na sha ganin ɗan tayin da yake cure da safe ya kumbura kafin faɗuwar rana. Ki tambaye su a wane mataki kowanne yake: shin ya cure, ko ruwa ya fara taruwa, ko kuwa har yanzu ana iya ƙidaya ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya? Tsakanin waɗannan uku akwai rata mai yawa.

Uwar Ɗan Rana Shida:
'Yar'uwata, share hawayenki. Ɗana da yake barci a gefena yanzu ɗan rana ta shida ne. Ni ma haka aka kira ni aka ce in zauna a gida, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, har na ce wa mijina kada ya ƙara ɗaga wayar asibitin. Washegari aka ce ɗaya ya kai, aka daskarar da shi, bayan wata biyu aka narkar da shi aka mayar mini, ga shi yau ya shiga shekara ta uku, yana magana, yana gudu, ba abin da ya raba shi da sa'o'insa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kada ki bari kowa ya kashe miki gwiwa.

Mijin Da Ya Sha Jira:
Hajiya, Allah Ya raya miki shi, Ya albarkaci rayuwarsa, kuma ina taya ki murna har zuciyata. Amma ki yi mini afuwa, ban yarda a tsaya a kan wannan karin magana ba, domin a wannan al'amari wani lokaci sannu tana hana zuwa. Ni da matata mun yi zagaye biyu na dashen ciki, duk 'yan tayinmu na rana ta shida ne da ta bakwai. Sau uku ana mayar mata, biyu ba su kama ba, na ukun ya kama aka yi ɓari a mako na bakwai. Abin da ya fi yi mana ciwo ba rashin nasarar ba ne kaɗai, har da yadda kowa ya riƙa kawo mana labarin wance da ta haihu da ɗan rana ta shida, ba wanda ya zaunar da mu ya ce mana damar ta ragu. Masu nasara su ne suke dawowa su ba da labari, mu da ba mu samu ba shiru muke yi, shi ya sa mai sauraro yake zaton kowa yana samu. Wannan baiwar Allah gaskiya ta tambaya, ya kamata a ba ta gaskiyar ko da da ɗaci.

Likitar Mata:
Malam, maganarka tana kan hanya, kuma Allah Ya musanya muku da mafi alheri. Hajiya ma abin da ta faɗa gaskiya ne. Abin da ya sa kuke kamar kun saɓa shi ne, nawar ɗan tayi tana rage nasara ta hanyoyi biyu daban, ɗaya tana da magani, ɗaya ba ta da shi, kuma sau da yawa akan cakuɗa su wuri guda.

Ta farko ba daga ɗan tayin take ba, daga mahaifa take. Bangon mahaifa ba kullum yake karɓar ɗan tayi ba. Yana da 'yan kwanaki ƙalilan da yake a shirye, wajen kwana shida zuwa goma bayan fitar ƙwai, kuma sinadarin furojestaron ne yake tsara wannan lokaci. A zagayen da aka yi wa mace allurai don ta yi ƙwai da yawa, sinadaran jikinta sukan hau sosai, bangon mahaifar kuma yakan riga lokacinsa nuna. To idan mahaifa ta yi gaba, ɗan tayi kuma ya yi baya da kwana guda, sai ya iso bayan lokacin karɓa ya fara wucewa. Wannan ne ya sa mayar da ɗan rana ta shida a cikin zagayen da aka ɗebo ƙwai yake ba da sakamako mai rauni. Maganinsa, 'yar'uwa Mai Jiran Rabo, shi ne abin da asibitinki suka ce za su yi: a daskarar da shi, a bar jikinki ya huta, a wani watan a shirya mahaifar daidai da matakinsa. Daskarar da 'yan tayi ba sabon abu ba ne, domin tun 1984 aka haifi jaririya a Melbon ta ƙasar Ostareliya daga ɗan tayin da aka daskarar. Hanyar da ake bi yanzu, ta daskarewar gaggawa da ajiya cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ta sa mafi yawan 'yan tayi suna farfaɗowa lafiya bayan an narkar da su. Saboda haka fasa mayar miki da aka yi yau, a ganina, shawara ce mai kyau.

Ta biyu kuwa daga ɗan tayin take. Kowace ƙwayar halittar lafiyayyen ɗan tayi tana ɗauke da zaren gado 46, waɗanda ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Idan aka samu ƙari ko ragi a wannan adadi, mafi yawan lokaci ɗan tayin ba ya kamawa, ko ya kama a yi ɓari da wuri. Bincike ya nuna cewa irin wannan kuskure ya fi yawa a cikin 'yan rana ta shida fiye da 'yan rana ta biyar, ya kuma ƙara yawa a cikin 'yan rana ta bakwai. Daskarewa ba ta gyara wannan. Shi ya sa ko bayan an daidaita mahaifa, bincike da dama har yanzu suna nuna ɗan rana ta biyar yana gaba, sai dai ratar takan ragu. Ɗan rana ta shida mai kyawun siffa yana da dama ta gaske, kuma yara masu yawa a duniya daga irinsa suka fito. Ɗan rana ta bakwai damarsa ta yi ƙasa sosai, amma ana haihuwa da shi, kuma dalilin da ya sa ɗakunan reno da yawa suka daina zubar da 'yan tayi a rana ta shida ke nan.

Abin da ya fi ranar nauyi a wannan lissafi shi ne shekarun macen da ta ba da ƙwan. Kuskuren zaren gado yana ƙaruwa bayan shekara 35, bayan 40 kuma shi ne yake rinjaye. Ɗan rana ta shida daga mace mai shekara 30 yakan fi ɗan rana ta biyar daga mai shekara 42 dama. Ke da kike da 36, kina wurin da ya dace a yi fata, a kuma shirya zuciya.

Mijin Da Ya Sha Jira:
Likita, na gode, wannan ne bayanin da na so a yi mana tun farko. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai. Da an mayar wa matata da 'yan tayin nan tun rana ta uku, maimakon a bar su cikin akwatin reno har kwana shida, ba su fi samun ƙarfi ba? Ai duk kyawun akwati bai kai cikin uwa ba. Wani lokaci nakan ji kamar jiran ne ya gajiyar da su.

Ma'aikacin Ɗakin Reno:
Malam, wannan tambaya ce da mu kanmu ba mu gama sasantawa a kanta ba. Gaskiya ne akwati ba jikin uwa ba ne, kwaikwayo ne. Muna riƙe zafinsa a digiri 37, muna rage iskar oksijin zuwa wajen kashi 5 cikin 100 don ta yi kama da ta cikin jiki, kuma duk ɗakin renon da ya yi sakaci da zafi, ko iska, ko ruwan da ake renon a ciki, 'yan tayinsa za su yi nawa ko da lafiyarsu ƙalau. Saboda haka idan duk 'yan tayin mutum suka yi nawa a zagaye biyu, yana da haƙƙin ya tambayi ɗakin renon kashi nawa na 'yan tayin sauran mutane suke kaiwa bilastosis a rana ta biyar a wurinsu.

Sai dai ka sani cewa a cikin da aka samu ba tare da taimako ba, ɗan tayi mai kwana uku ba ya cikin mahaifa, yana cikin bututun ƙwai yana gangarowa, sai wajen rana ta huɗu ko ta biyar yake isa. Kuma wanda kuskuren zaren gado ya sa shi nawa, ko a ina aka ajiye shi kuskuren yana tare da shi. Ra'ayina shi ne mafi yawan waɗanda suka tsaya a akwati da a cikin mahaifa ma za su tsaya, illa dai ba za a gani ba, sai bayan mako biyu gwaji ya nuna babu ciki.

Likitar Mata:
A nan ina da ɗan saɓani da Ma'aikacin Ɗakin Reno. Na yarda da "mafi yawa", amma ban yarda a ɗauke shi kamar "duka" ba, domin ɗan tayi guda ba a iya gwada shi a wuri biyu. Ga macen da take da 'yan tayi takwas ko goma, jira zuwa rana ta biyar yana da amfani a fili, saboda yana tace su a zaɓi mafi ƙarfi. Ga wadda take da ɗaya ko biyu kacal, babu abin da za a tace, kuma likitoci da yawa, har da ni, mukan tattauna da ita a kan mayarwa ko daskarewa tun rana ta uku, musamman idan a zagayen baya babu wanda ya kai bilastosis. Ba na cewa hakan ya fi, ina cewa zaɓi ne da ya kamata a ajiye a gaban ma'aurata. Malam, kada ka ɗora wa kanka laifin abin da ya wuce. 'Yan tayinku sun kai bilastosis, ɗaya har ya kama, kuma ɓarin farkon ciki mafi yawan sanadinsa kuskuren zaren gado ne, wanda ranar mayarwa ba ta canza shi.

Mai Jiran Rabo:
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya, har da Malam da ya faɗi abin da ban so ji ba amma nake bukatarsa. Na kira su kamar yadda aka ba ni shawara. Sun ce biyu sun cure kuma ɗaya daga cikinsu ruwa ya fara taruwa a cikinsa, na ukun kuma har yanzu ƙwayoyinsa goma ne. Akwai tambayar da nake jin nauyin yi, amma ita ce ta fi damuna: idan Allah Ya sa ya kama, yaron da ya fara rayuwa da nawa ba zai taso da nawa a jiki ko a ƙwaƙwalwa ba? Sannan sun ambaci wani gwaji da ake yi kafin a daskarar, ban gane ko in amince ba.

Likitar Mata:
Kada ki ji nauyi, 'yar'uwa, kusan kowace mace takan yi mini wannan tambaya. Jinkirin kwana guda a akwatin reno yana shafar yiwuwar kamawa ne, amma binciken da aka yi a kan jariran da aka haifa daga 'yan rana ta shida bai nuna sun fi sauran yawan nakasa ba. Idan ciki ya kama ya zauna, za a kula da shi kamar kowane cikin dashe, da awo da hotunan da aka saba.

Gwajin da suka ambata shi ne wanda ake tsinko ƙwayoyi kamar biyar zuwa goma daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a ƙidaya zaren gadonsu. Amfaninsa shi ne yana iya nuna wanda ba shi da dama, a kauce wa mayarwar banza da ɓari. Amma ki fahimci cewa ba ya gyara ɗan tayi, ba ya ƙara miki ko ɗaya, tantancewa kawai yake yi. Kuma yana da rauni, domin wani ɗan tayin ƙwayoyinsa gauraye suke, wasu daidai wasu da kuskure, 'yan ƙwayoyin da aka tsinko kuma ba lallai su wakilci sauran ba. Ga mai 'yan tayi ɗaya ko biyu a shekarunki, ni ban cika matsawa a yi shi ba.

Ma'aikacin Ɗakin Reno:
Ni kuwa, Likita, a kan 'yan rana ta bakwai nakan karkata ga gwajin, saboda kuskure ya yi yawa a cikinsu, kuma kowace mayarwa tana cin watanni da ƙarfin zuciyar mace. Amma ga ɗan rana ta shida mai kyawun siffa, ina tare da ke. 'Yar'uwa, ki shirya jin cewa mai ƙwayoyi goman nan da wuya ya kai, domin wanda bai cure ba a rana ta biyar ya yi nisa a baya. Fatanki yana kan biyun nan.

Mai Jiran Rabo:
Assalamu alaikum. Na dawo da labarin yau, rana ta shida. Ɗaya ya kai, sun ce darajarsa 4BB, kuma an daskarar da shi ba tare da gwajin ba, bisa shawarar da muka yanke ni da maigidana. Na biyun ya fara kumbura amma bai isa a daskarar ba, za a ba shi zuwa gobe. Na ukun ya tsaya, kamar yadda Ma'aikacin Ɗakin Reno ya faɗa. Mene ne ma'anar 4BB? Kuma idan na goben ya kai, in roƙi a mayar mini da su biyun tare don damar ta ƙaru?

Ma'aikacin Ɗakin Reno:
Alhamdu lillahi. Wannan ma'auni ne na darajar ɗan tayi da masana biyu, Gardner da Schoolcraft, suka fitar a 1999, kuma shi ne aka fi amfani da shi. Lambar, daga 1 zuwa 6, tana nuna yadda ɗan tayin ya kumbura, kuma 4 na nufin ya buɗe sosai har ɓawon da ya kewaye shi ya yi siriri. Harafin farko na ƙwayoyin da za su zama jariri ne, na biyu kuma na waɗanda za su zama mabiyiya, daga A mafi kyau zuwa C. Saboda haka 4BB ɗan tayi ne mai kyau, irin wanda muke daskarewa da kwanciyar hankali. Ki dai riƙe cewa da ido ake ba da wannan daraja, siffa take nunawa, ba ta ganin zaren gado.

Likitar Mata:
Game da mayar da biyu tare, shawarata ita ce a'a. Haɗa su ba ya ƙarfafa ko ɗaya daga cikinsu, kowanne da damarsa yake shiga, kuma idan aka mayar da su ɗaya bayan ɗaya a watanni daban, jimillar damar haihuwa ba ta raguwa. Abin da haɗawar take ƙarawa shi ne yiwuwar tagwaye, tare da haɗarin haihuwar bakwaini da hawan jinin masu ciki. A fara da 4BB shi kaɗai.

Kafin ranar, ki zauna da likitanki a kan abu biyu. Na farko, yadda za a shirya mahaifar: ko a bi al'adarki ta wata idan tana zuwa daidai, ko a yi amfani da magunguna, da kuma kwana nawa za ki yi kina amfani da furojestaron kafin a mayar, wanda galibi kwana biyar cikakku ne, ko da ɗan tayin na rana ta shida ne. Na biyu, tunda shekarunki 36 kuma ɗan tayi ɗaya ne tabbatacce a hannu, ki tambaye shi ko ya fi dacewa a ƙara ɗibar ƙwai a tara wasu kafin a fara mayarwa, musamman idan kuna fatan haihuwa fiye da ɗaya, domin wanda aka daskarar ba ya tsufa, ƙwan da ke jikinki kuwa yana tsufa. Ki sanar da mu abin da aka ce game da na goben.